Zauren Gwaggo: Wa Ke Riƙe da Sitiyarin?

Gwaggo, maigidana zai kai mu kwana a hamada

 Ni 'yar Kano ce, shekara biyu ke nan ina zaune a Alƙahira tare da maigidana da ke karatun digiri na uku. 'Ya'yanmu biyu, babbar shekararta bakwai, ƙaramin uku, ga kuma juna biyu wata biyar. Surukata Hajiya ta zo aikin ido, an yi lafiya, saura mako uku ta koma gida. Shi ne maigidan ya ce zai yi mana bazata: wai mu duka za mu tafi wani wuri da ake ce wa Farar Hamada, a zaga da mu a mota, mu kwana a tanti. Har ya ba da kafin alƙalami ga wani mutum da ya gani a Facebook, wai kuɗinsa rabin na kamfanoni ne. Hajiya ta ce in dai rairayi ne ita ta gaji da ganinsa tun tana yarinya a Maigatari, ba za a kashe kuɗi a kai ta daji kallon duwatsu ba. Ni kuma tsoro nake ji. Da na faɗa masa sai ya ce ba ni da tawakkali, kuma duk abin da ya kawo sai na kushe. Yanzu ba ma magana sai ta yara. Gwaggo, in bi shi ko in tsaya a kan bakana?

Maman Biyu, Alƙahira

 Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Zan fara da ɗaukar wa maigidanki fansa, don na ga ke da Hajiya kun haɗe masa kai. Wurin nan da ya zaɓa ba rairayin Maigatari ba ne. Gandu ne da gwamnatin Masar ta keɓe tun 2002, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,000, yana arewa da dausayin Farafra da kamar kilomita 45. Ƙasar wurin alli ce. A wani zamani mai nisan gaske teku ne ya rufe yankin, ƙananan halittun ruwa suka yi ta mutuwa suna kwantawa a ƙasa har suka daskare suka zama farin dutse. Da ruwan ya janye sai iska mai ɗauke da yashi ta karɓi aiki. Yashin ba ya tashi sama sosai, don haka gindin dutsen yake ci ya bar kan, shi ya sa za ki tarar da duwatsu tsaitsaye masu siririn gindi da ƙaton kai, birjik a fili, kamar rumbunan da aka shafe da farar ƙasa. Akwai wanda duk direba sai ya tsaya a gabansa, wanda ake kira kaza da naman kaza, domin ƙaramin dutse ne mai siffar kaza a tsugune kusa da wani dogo mai kai kamar lema. Da la'asar sakaliya farin ya koma ruwan goro, da daddare in akwai farin wata ya koma fari tas. Mutumin da ya yi shekaru yana fama da littattafai da kuɗin haya, ya tattara ɗan abin hannunsa ya ce bari iyalinsa su ga wannan, ba mugun nufi gare shi ba. Ki ajiye wannan a ranki kafin ki sake buɗe baki.

To amma tsoronki ma ba ƙauyanci ba ne, sai dai kin ɗora shi inda bai dace ba. Ke hamadar kike tsoro. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin Facebook ɗin nan da rabin kuɗinsa.

Bari in gaya miki yadda tafiyar take, don ki san abin da ake saye da kuɗin. Daga Alƙahira za a ɗauke ku a ƙaramar bas, a bi kwalta kilomita kusan 370 zuwa Bawiti, babban garin dausayin Bahariyya, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. A nan ake sauya mota, a shiga Land Cruiser irin wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, an ɗaure mata tabarmi da barguna da itace da jarkokin ruwa a bisa. Direban kusan kullum ɗan dausayin ne, kuma shi ne komai: shi ne jagora, shi ne makanike, sau da yawa shi ne kuku. Za ku wuce Baƙar Hamada, inda tsaunuka ke lulluɓe da baƙaƙen duwatsu, ku ci abincin rana a wajen ƙauyen Haiz, ku tsaya a wani ɗan dutse mai ƙyalƙyali da ke bakin hanya. Daga nan ne direba zai sauka daga kwalta. Zai tsaya, ya zagaya motar yana tsugunawa gaban kowace taya yana rage mata iska, don ta baje ta daina nutsewa a yashi. Daga wannan lokacin babu alamar hanya, waya takan ɗauke, kuma asibitin kirki yana bayanku da awowi. Abin da kuka biya kuɗi kuka saya ke nan, 'yata: kan wannan mutumin da lafiyar motarsa. Duwatsun kyauta ne.

Saboda haka in wani ya ce zai yi a rabin kuɗi, sai a tambaya me ya cire. Man fetur ba ya ragi, kuɗin shiga gandu ba ya ragi. Inda ake rage wa shi ne inda baƙo ba ya gani: tsofaffin tayoyi, ruwa daidai wa daida ba rara, mota ɗaya tilo ba abokiyar tafiya, da kuma takardar izini. Wannan ta ƙarshen ita ce babba. Yankin yammacin Masar yana iyaka da Libiya, sojoji na sa ido a kansa saboda masu fasa-ƙwauri da 'yan bindiga, kuma baƙo ba ya shiga sai kamfani mai lasisi ya miƙa sunansa da kwafin fasfonsa ga hukuma, a san motar da za ta ɗauke shi da hanyar da za ta bi. A ranar 13 ga Satumba 2015 jami'an tsaron Masar suka buɗe wuta daga sama a kan ayarin motoci huɗu na masu yawon buɗe ido kusa da Bahariyya, sun ɗauka 'yan ta'adda ne. Mutum 12 suka mutu, takwas daga ciki 'yan Meziko. Mutanen sun sauka daga hanya ne su ci abinci. Hukuma ta ce sun shiga wurin da aka hana shiga, masu shirya tafiyar suka ce suna da izini, har da ɗan sanda a tare da su. Ban kawo wannan don in ƙara miki firgici ba, dubban mutane sun je sun dawo lafiya bayan haka. Na kawo shi ne don ki ga cewa in har masu cewa suna da takarda sun gamu da wannan, wanda ba shi da ita fa?

Ga abin da za ki yi. Kada ki ce masa ba za ki ba. Ki bari ya ci abinci, yara sun kwanta, Hajiya ba ta kusa, ki ce kin ji daɗin abin da ya shirya, kuma kina so ku kira mutumin tare. Ku tambaye shi sunan kamfanin da yake aiki a ƙarƙashinsa da lambar lasisinsa. Ku lura ko ya nemi kwafin fasfonku. In bai nema ba har yau, to babu izinin da yake shirin karɓowa. Ku tambayi mota nawa za su fita ranar, don mai yara ƙanana ba ya shiga yashi da mota ɗaya. Ku tambayi ruwa lita nawa zai ɗauka, ya faɗi adadi, ba "akwai isasshe" ba. Ku tambaye shi in mota ta lalace inda babu sabis, wa zai san kuna can, kuma ƙarfe nawa za a fara nemanku. Direban gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, da ma amsar tana bakinsa. Wanda ya fara rantse-rantse da "kada ku damu, ku 'yan'uwana ne", ku bar masa kafin alƙalamin ya zama sadaka. Kin ga maigida ya gano da kunnensa, ba ke kika kushe ba.

Maganar tawakkali kuwa, ai maigidanki mai karatu ne, ya fi ni sanin cewa tawakkali bai hana a duba taya ba. Kada ki yi masa wa'azi a kai.

Saura ke da cikinki, kuma a nan ba zan sassauta ba. Wahalar tafiyar ba zafi ba ce, girgiza ce. Bayan an bar kwalta mota tana tsalle a kan tsakuwa da kunyoyin yashi, kuma direbobi da yawa suna da al'adar hawa tudun rairayi su sulalo da gudu don baƙi su yi ihu su ji daɗi. A yawancin motocin an cire kujerun baya an sa benci biyu masu fuskantar juna, wani lokaci ba bel. Ki je wurin likitar da ke duba ki, ki kwatanta mata tafiyar yadda na kwatanta miki: awa biyar a bas, sannan wasu awowi a kan hanya marar kwalta, nesa da asibiti. In ta ce a'a, magana ta ƙare, kuma ba daga bakinki ta fito ba. In ta yarda, ki zauna a gaba ki ɗaura bel, a kuma gaya wa direba tun a Bawiti cewa babu wasan tudu. Hajiya ma likitan idonta ya kamata a tambaya, don ƙura da hasken farin dutse ba abokan idon da aka yi wa aiki kwanan nan ba ne. Ni a ganina a ƙyale Hajiya, ta riga ta faɗi ra'ayinta, kuma dattijuwa ba ta sha'awar tsugunawa bayan dutse da tsakar dare. Ai babu ban-ɗaki a can, gara ki sani tun yanzu.

Akwai kuma hanyar tsakiya da mutane ba su cika tunawa da ita ba. Ku tafi Bahariyya ku duka. Akwai masaukai a Bawiti da kewaye, ga gonakin dabino da zaitun, ga maɓuɓɓugan ruwan ɗumi, ga ɗakin da aka ajiye wasu daga cikin gawarwakin nan masu rufin zinariya da aka gano a yankin a 1996. Ke da Hajiya da ƙaramin ku kwana a kan gado, maigida da babbar su shiga hamada tare da ayarin kamfani su kwana ɗaya su dawo. Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta manta da daren nan ba. Direba zai jingina tabarmi a jikin mota su tare iska, ya hura wuta, ya ɗora shinkafa da kaza, ya dafa shayi mai na'ana'a a 'yar buta baƙa ƙirin. In an yi shiru, yanyawa mai manyan kunnuwa za ta fito daga duhu ta zo har gefen tabarma tana sunsuna ƙashi. A ja wa yarinyar kunne kada ta miƙa mata hannu, kuma a kwana da takalma a cikin tanti, da safe a kakkaɓe su kafin a sa.

Ba ki faɗa mini watan da za ku tafi ba. Daga Oktoba zuwa Maris ne lokacinta. A Disamba da Janairu rana da daɗi, amma dare sanyinsa ya wuce na hunturun Kano nesa, yakan kusa daskarar da ruwa, don haka a tafi da rigunan sanyi da safa da hula. Daga Maris zuwa Mayu ana samun guguwar ƙura da suke kira hamsin. Da bazara kuwa zafi yana haura digiri 40, ba wurin yara ba ne ko kaɗan. Sallah ba matsala, tafiyar ta kai ta ƙasaru, kuma a gaya wa direba ya tsaya in lokaci ya yi, shi ma mai yi ne. Abu ɗaya da za ki hana maigida ko da rigima: kada ya ari ɗan jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto. Dokar Masar ta hana riƙe shi ba izini, kuma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya.

Wannan gabar da kuke yi ta kwana da kwanaki, ke ki fara karya ta. Ba don ke ce mai laifi ba, sai don Hajiya tana gidan tana kallo, kuma ba kya so labarin da za ta kai Kano ya zama wannan.

Yana so in sayar da zinariyata ya sayi motar yawon buɗe ido

Gwaggo, ina gaisuwa. An sa mana rana da wani saurayi ɗan Agadas. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, jagoran Turawa ne, ya yi shekaru yana kai su Azbin da Tenere. Shi ma ya san hamada tun yana yaro. Yanzu gyaran mota yake yi a garejin wani, amma burinsa ya dawo da sana'ar babansa. Ya samu tsohuwar Land Cruiser, kuɗinsa bai kai ba, ya ce in sayar da sarƙa da awarwaron da na gada wurin mahaifiyata in cika masa, in Turawa sun dawo zai saya mini ninkinsu. Ina son shi, kuma ba mayaudari ba ne. Me kika gani?

Ɗiyarki daga Damagaram

Ɗiyata, na yarda ba mayaudari ba ne. Amma kada ki sayar.

Abin da yake tunawa gaskiya ne. An yi zamanin da jirage ke sauka Agadas kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi, cike da baƙi. Gandun Azbin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, yana cikin mafi girma a Afirka, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Ayarin motoci kan tashi zuwa Timiya mai lambunan lemu da rumman a tsakiyar duwatsu, su wuce Iferwan, su gangara tuddan rairayin Temet, wasu su miƙe har Fashi da Bilma ta hanyar da ayarin gishiri ke bi, su tsaya inda itaciyar Tenere take kafin wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, aka kwashi gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Direbobi, masu dafa abinci, maƙeran azurfa, masu masauki, duk sun ci abinci a wannan sana'a. Yaron da ya tashi yana ganin babansa na ɗaure jarkoki a kan mota, Turawa na kiran sunansa, dole abin ya zauna masa a rai.

Sai dai ki dubi abin da ya biyo baya. Shekara ɗaya da shigar gandun cikin jerin UNESCO, a 1992, aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawaye. Aka yi sulhu, baƙi suka dawo, tawaye ya sake ɓarkewa a 2007. A 2008 aka soke tseren motocin Dakar, daga baya aka ɗauke shi daga Afirka gaba ɗaya. A 2010 aka sace ma'aikata baƙi a Arlit. Ko a farkon 2025 an sace wata 'yar ƙasar Ostiriya a cikin garin Agadas. Yawancin ƙasashen da baƙin ke fitowa suna gargaɗin mutanensu kada su je, kamfanonin inshora ba sa rufa wa wanda ya je baya, kuma baƙon da ya yi ƙarfin hali sai da rakiyar soja, wadda kuɗinta ke kan mai tafiya. Sana'ar da kasuwarta ke hannun abin da ba ke ba shi ke iya juyawa, ba a zuba mata gadon uwa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne me motar za ta yi kafin Turawan su dawo. Mota ba ta zama, tana cin kuɗi ko tana tsaye. Abokan babansa da yawa da baƙi suka ɗauke ƙafa, hanyar Dirku da Libiya suka koma suna ɗaukar 'yan ci-rani, wasu suka nufi wuraren haƙar zinariya na Jado bayan 2014. Da aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, an kama direbobi an ƙwace motoci masu yawa. An soke dokar a ƙarshen 2023, amma hanyar ba ta daina cin mutane ba. Ki tambaye shi kai tsaye, in wata shida suka wuce ba baƙo ko ɗaya, ina motar za ta nufa? Ki kalli fuskarsa in yana amsawa.

Ba cewa nake ya binne burinsa ba. Sanin hamada da gyaran mota a hannun mutum ɗaya abu ne mai tsada. Ya nemi tuƙi a wurin masu motocin da ke ɗaukar ma'aikatan ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, ko masu kai mutane bikin Ingal da na Iferwan, inda 'yan ƙasa da kansu suke zuwa kallo. Ya yi shekara biyu da motar wani, ya san masu kira da masu biya, ya tara nasa. In lokacin ya yi kina so ki sa hannu, ki sa a matsayin mai hannun jari, da shaidu da rubutu, da sanin waliyyinki, kuma ba duka zinariyar ba. Yanzu dai ki ce masa kayan mahaifiyarki ba na sayarwa ba ne kafin aure. Yadda zai karɓi wannan amsa zai nuna miki abubuwa da yawa game da zaman da za ku yi.

Na ɗebo duwatsu, abokina ya ce sata na yi

Gwaggo, ni ɗalibi ne a Azhar. Mun je Farar Hamada da abokai, na cika aljihun jakata da duwatsu masu ƙyalli da wasu baƙaƙe masu siffar fure, zan kai wa ƙannena tsaraba. Abokina ya ce haram ne, sata ce. Dutse a daji kuma na wa ne?

Ɗalibi, Alƙahira

Ɗana, hukuncin haram na bar wa malamanku, kuna da su da yawa a nan. Amma dutsen yana da mai shi. Dokar Masar ta 1983 kan wuraren da aka keɓe ta hana ɗauka ko lalata duwatsu da tsirrai da dabbobin cikinsu, kuma na tabbata direbanku ya faɗa muku, kuka yi kamar ba ku ji ba. Shi za a fara tuhuma in an kama, izinin aikinsa ne a kan layi, ba naka ba. Ka lissafa motocin da ke tsayawa a wannan ɗan dutse mai ƙyalli kowace rana a lokacin sanyi, kowa ya cika aljihu irin naka, ka ga abin da zai rage.

Kada ka sa su a kayanka na jirgi, ana buɗe jaka a filin jirgin Alƙahira. In akwai wasu ɗalibai da za su je, ka ba su su miƙa wa direba ya mayar. Ƙannenka kuma ka saya musu dabinon Bahariyya.